Yadda Ake Tara Tsohon Jan Farce, a Adana Shi, a Kuma Yi Kwalliya da Shi

Kwalbar jan farce ƙaramin abu ce ƙwarai: ta kamfanin OPI mililita 15 take ɗauka, ta Chanel kuwa 13 kacal. Idan kamfani ya daina yin wani launi, ɗan abin da ya rage a hannun mutane shi ne iyakar abin da ke akwai, kuma duk shafawa ɗaya rage shi take yi. Wannan ne ya sa mata da yawa a ƙasashe daban-daban suka ɗauki tara tsofaffin launuka da muhimmanci. Ra'ayina shi ne tsohon jan farce abin kwalliya ne da ya kamata a more shi, amma sai an san wanda ya dace a sa a hannu da wanda za a bari a kan kanta don kallo, an kuma san yadda za a kare shi daga zafin garinmu na Zariya, wanda shi ne babban abin da ke kashe shi.

Kafin ki fara nema, ya kamata ki san abin da ke cikin kwalbar, domin duk dabarun da za su biyo baya daga nan suka samo tushe. Ƙashin bayan jan farce wani sinadari ne da ake kira naitiroselulos, wanda ake sarrafawa daga auduga ko ɓargon itace, kuma danginsa ne aka riƙa fentin motoci da shi a shekarun 1920. Ana narkar da shi a cikin ruwaye masu saurin tashi a iska, galibi etil asitet da butil asitet, sannan a zuba launi da ƙaro mai sa shi kama farce, da wani abu mai hana shi tsagewa idan ya bushe, kamar kafur. Da zarar kin shafa, ruwan ya bi iska, sai ya bar fata mai sheƙi a kan farce. Haka ma yake faruwa a cikin kwalba sannu a hankali idan murfi bai rufu da kyau ba. Saboda haka yawancin tsohon jan farcen da ake cewa ya mutu bai mutu ba, ruwansa ne ya tsere, kuma ana iya mayar masa. Ƙwayoyin cuta kuma ba su cika samun wurin zama a cikin waɗannan ruwaye ba, shi ya sa kwalba kan yi shekara ashirin ko talatin ba ta ruɓe ba.

Sunayen da masu tarawa suka fi nema ba su da yawa, kuma saninsu zai hana ki wuce abu mai daraja ba ki sani ba. Kamfanin Cutex, wanda Northam Warren ya kafa a Amurka a 1911, ya fito da jan farce na ruwa a 1917. A 1932 Charles Revson da ɗan'uwansa Joseph da wani masanin haɗa sinadarai, Charles Lachman, suka kafa Revlon a birnin New York, suka yi fice da jan farce mai rufe farce ruf, ba mai shara-shara ba. Launukansu biyu, Fire and Ice na 1952 da Cherries in the Snow na 1953, sun shahara har aka ci gaba da yin su shekaru da yawa, don haka idan kin gan su, siffar kwalbar ce za ta nuna miki zamanin da aka yi ta. Essie da OPI duk a 1981 aka kafa su, ko da yake OPI da kayan aikin haƙori ya fara, sai a 1989 ya shiga yin jan farce. Chanel ya fito da Rouge Noir a 1994, ja mai duhu da ya kusa zama baƙi, wanda aka sayar a Amurka da sunan Vamp, ya kuma sauya tunanin mata game da launuka masu duhu. A 1995 Dineh Mohajer ta fara Hard Candy da wani shuɗi mai haske da ta kira Sky. Sai kuma Jade na Chanel, kore mai sanyi da aka yi kaɗan a 2009, ya ƙare a kantuna nan da nan, aka koma sayar da shi a intanet a kan ninkin kuɗinsa, da kuma Clarins mai lamba 230, wanda launinsa ke juyawa tsakanin ja da kore gwargwadon yadda haske ya faɗa a kansa.

Duk da haka, ba na ba wa mai farawa shawarar ta bi waɗannan manyan sunaye. Suna da tsada, kuma su aka fi yi wa jabu. Wurin da ya fi dacewa ki fara shi ne gida. A ɗakunan iyayenmu da gwaggonninmu, a Birni ko Tudun Wada ko Samaru, akwai akwatunan ƙarfe da kwalla da ƙasan kabad inda ragowar kayan lefe da tsarabar Makka suka kwanta shekara da shekaru. Matan da aka yi wa lefe a zamanin manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis sun samu kayan shafa na asali, kuma da yake yawancinsu lalle suka fi yi, sai ki tarar kwalbar ko rabi ba a sha ba, ta kuma zauna a cikin duhu, wanda shi ne mafi kyawun ajiya. Ki roƙa da ladabi, kada ki ɗauka kawai don kin ga an manta da ita. Ki ce, "Gwaggo, don Allah idan kun gama da waɗannan ku bar mini in adana su," sannan ki tambaye ta shekarar da ta same su da kuma inda aka sayo. Amsarta ta fi kowace lamba da ke jikin kwalbar amfani wajen sanin shekarunta.

Bayan gida sai kasuwa. A Kasuwar Sabon Gari, ki nemi shagunan kayan kwalliya da suka daɗe, ki tambayi mai shago ko akwai kayan da suka yi kwantai a sito. Sau da yawa shi kansa neman rabuwa da su yake yi. Amma duk kwalbar da kika gani shimfiɗe a tire a tsakiyar rana, ki bar ta, ko da sunan da ke jikinta ya burge ki, domin rana tana kashe launi, musamman ruwan hoda da shunayya, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Sayowa daga ƙasashen waje ta intanet yana da wahalarsa, saboda ana lissafa jan farce cikin kayan da ke kama wuta, kamfanonin aika saƙo da yawa ba sa ɗaukar sa ta jirgin sama. Hanya mafi sauƙi ita ce wata 'yar'uwa mai dawowa daga tafiya ta riƙo miki kwalba ɗaya ko biyu cikin kayan shafarta, a nannaɗe a leda mai rufewa.

Sanin shekarun kwalba aiki ne na lura. Ki juya ta ki duba ƙasanta da bayanta a wuri mai haske. Zanen layukan nan baƙaƙe da na'urar kanti ke karantawa sai a 1974 aka fara amfani da shi a Amurka, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya game kayan shafa. Rubuta jerin sinadarai a jikin kayan kwalliya ya zama dole a Amurka a 1977. Idan kin ga hoton ɗan buɗaɗɗen gwangwani da lamba kamar 24M a cikinsa, wato wata 24 bayan buɗewa, to ba a yi wannan kwalba kafin 2005 ba, domin a shekarar ce Tarayyar Turai ta wajabta alamar. Lambar NAFDAC kuma ba za ta riga 1993 ba, shekarar da aka kafa hukumar. Rashin alama ɗaya ba hujja ba ce, tunda wani lokaci a jikin kwalin aka buga ta, kwalin kuma ya ɓace, amma samuwarta tana yanke miki iyaka. Masu tara OPI suna da tasu alamar: ƙaramar takardar da ke manne a gindin kwalba, mai ɗauke da sunan launi, idan rubutunta baƙi ne to tsohon haɗi ne, idan kore ne to na baya-baya ne, bayan kamfanin ya sauya haɗinsa wajen 2006. Jabu kuma yakan tona kansa ta rubutu mai dishi-dishi, da kuskuren haruffa, da murfin da bai zauna daidai ba, da burushi mai tsitstsinkakken gashi.

Wannan batu na tsohon haɗi shi ne ya kamata ya raba miki kwalabenki gida biyu. Jan farcen da aka yi kafin tsakiyar shekarun 2000 yawanci yana ɗauke da sinadarin toluwin da wani da ake taƙaita sunansa da DBP, wanda Tarayyar Turai ta haramta a kayan shafa a 2004 saboda fargabar illarsa ga haihuwa, wasu masu ƙarfafa farce kuma har da sinadarin fomaldehaid. Masu tarawa suna yaba wa tsohon haɗi saboda yadda yake kwanciya sumul, kuma gaskiya ne yana kwanciya, amma mai juna biyu da mai shayarwa da mai asma su haƙura da shi, kuma kada a shafa wa yara ko da sun yi kuka. Akwai kuma wani ƙaro a cikinsa da jikin wasu mata ba ya karɓa, kuma alamar ba a yatsa ta fi fitowa ba, a fatar ido da wuya take bayyana, inda hannu ke yawan taɓawa. Don haka ki fara gwada farce ɗaya, ki jira kwana biyu. Kwalbar da ta girmi shekarun 1970, wadda ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ni a ganina ta kallo ce, ba ta hannu ba. Haka nan wadda ruwanta ya rikiɗe ya zama ruwan ƙasa, ko warinta ya koma tsami mai yaji a hanci, ko ta tsinke ta ƙi haɗuwa duk yadda aka girgiza ta.

Matsala ta farko da za ki ci karo da ita ita ce murfi ya ƙi buɗuwa, domin jan farcen da ya bushe a wuyan kwalba ya liƙe shi. Kada ki sa haƙori, kada ki sa filaya, kuma kada ki kusantar da shi ga wuta ko kaɗan. Ki zuba ruwa mai ɗumi sosai a kofi, ki kifa kwalbar yadda murfin kaɗai zai nutse, ki bar ta minti biyu ko uku, ki tsane ta, sannan ki naɗa robar ɗaure kuɗi a murfin don hannunki ya samu kamu, ki murɗa a hankali. Idan ta ƙi, ki sake kifa ta, ki ɗiga maganin goge jan farce a tsakanin murfi da gilashi, ki jira ya narkar da abin da ya daskare. Ki kula kada ya gangaro kan rubutun kwalbar, domin yana cinye shi, kwalbar da ta rasa sunanta kuwa ta rasa rabin darajarta.

Idan ta buɗu, za ki tarar da ɗaya daga cikin hali uku. Wata ta rabu ne kawai, launi ya kwanta a ƙasa, ruwa garai-garai ya taso sama. Wannan ba lalacewa ba ce. Ki rufe ta ki girgiza da ƙarfi har ki ji 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki sun saki suna ƙara, sannan ki ajiye ta kwana ɗaya kumfar ta kwanta kafin ki shafa. Wata kuma ta yi kauri, idan kin ɗaga burushi sai ki ga tana jan zare kamar miyar kuɓewa. Wannan tana bukatar ruwan tsinka jan farce, wanda ake sayarwa a shagunan kayan gyaran farce, kuma idan kin karanta jikinsa za ki ga etil asitet da butil asitet ne, wato ainihin abin da ya tsere. Ki ɗiga biyu ko uku, ki rufe, ki murza kwalbar tsakanin tafukanki, ki gwada, ki ƙara idan da bukata. Ƙarawa a hankali ta fi, domin idan ya tsinke da yawa sai kin bar shi a buɗe ya rage, kuma hakan asara ce. Ta uku ita ce wadda ta daskare ta zama dunƙule. Ita ma sau da yawa tana farfaɗowa idan aka zuba mata ruwan tsinkawa har ya rufe dunƙulen, aka bar ta kwanaki ana juya ta safe da yamma.

Ina roƙonki kada ki taɓa zuba maganin gogewa a cikin kwalba, ko da kin ga ana yi. An yi shi ne don ya wargaza jan farce, kuma galibi akwai ruwa da mai a haɗe da asiton, sinadarin da ke narkar da jan farcen. Zai yi kamar ya gyara a ranar, amma bayan ɗan lokaci sheƙin ya dushe, abin ya riƙa ɓarewa. Tinar masu fenti ma ba ta halatta a nan ba, domin ba a yi ta don jikin mutum ba.

Ajiya a Zariya tana bukatar tunani, saboda yanayinmu yana kaiwa ƙarshe ta kowane ɓangare. A bazara, musamman Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 35, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma zafi yana hanzarta tserewar ruwan da lalacewar haɗin. Ki zaɓi wuri mafi sanyi da duhu a ɗakinki, ƙasan kabad da ke jingine da bangon da rana ba ta duka, ki jera kwalaben a tsaye cikin akwati mai murfi. Kwantar da su yana sa jan farce ya cika wuya ya liƙe murfin. Kan madubi kusa da taga, inda aka saba jera kayan shafa, shi ne wuri mafi muni. Ba na goyon bayan sa su a firij a garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, domin sanyin ba zai ɗore ba, ga kuma abinci a kusa. A damina takardun jikin kwalba da kwalaye ne ke shan wahala, don haka ki jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi a cikin akwatin. Ki tuna kuma duk abin da ke ciki mai kama wuta ne: ya yi nesa da kaskon turaren wuta, da risho, da kyandir, da maganin sauro na kunnawa, ya kuma yi nesa da hannun yara. Ki buɗe ƙaramin littafi ki rubuta sunan kowace kwalba, da lambarta, da inda kika samo ta, da ranar da kika tsinka ta, ki kuma shafa ɗigo ɗaya a gefen rubutun don ki riƙa ganin launin ba sai kin buɗe ba.

Ga mace Musulma, lokacin sa shi a bayyane yake. Malamai sun bayyana cewa jan farce yana yin fata a kan farce ya hana ruwa isa gare shi, saboda haka alwala da wankan tsarki ba su inganta da shi, saɓanin lalle da yake rina farce kawai ba ya tare ruwa. Don haka kwanakin da mace take hutun salla su ne kwanakinsa. Wannan ya yi wa mai tarawa daidai, domin kwalbar da ake buɗewa sau ɗaya a wata tana iya kai ki shekaru. Idan kina yin lalle a farce, ki sani launuka masu shara-shara za su sauya a kansa, ruwan hoda ya koma ruwan goro, don haka ki ajiye su sai farcen ya fito fari, ki yi amfani da masu duhu a kan lallen.

Ranar shafawa, ki zauna a inda iska ke shiga, amma ba a ƙarƙashin fanka ba, domin iska mai ƙarfi tana busar da sama ta bar ƙasa ɗanye, sai kumfa ta fito. Ki wanke hannu, ki goge duk wani mai ko basilin da ke kan farce, sannan ki fara da shafin ƙasa marar launi na zamani, wato wanda ake shafawa kafin mai launi. Kada ki tsallake wannan, domin tsofaffin jajaye da masu duhu suna rina farce, su bar shi rawaya-rawaya bayan an goge, abin da kan jefa mace cikin kokwanto a kan ko ta goge shi duka. Ki tsoma burushi, ki share gefe ɗaya a bakin kwalba, ki ja sau uku: tsakiya, dama, hagu, kina barin ɗan siririn fili tsakaninsa da fata. Shafi biyu marasa kauri, da tazarar minti biyu ko uku a tsakani, sun fi ɗaya mai kauri kyau da ƙarko. Masu ƙyallin lu'ulu'u na shekarun 1970 zuwa 1980, waɗanda wasunsu da ɓawon kifi aka samar da ƙyallinsu, suna nuna sawun burushi, don haka ki miƙe hannunki, kada ki koma kan inda kika riga kika wuce. A lokacin hunturu iska busasshiya ce ƙwarai, sai ki riƙa mayar da murfi tsakanin hannu da hannu. Idan kwalbarki jar Revlon ce ko Cutex ta dā, ki gwada salon shekarun 1930, inda ake barin farin jinjirin watan da ke gindin farce ba a shafa ba. Yana fito da launin, yana kuma rage abin da ake ci daga kwalbar. Ki rufe da shafin sama marar launi, bayan ya bushe ki shafa man kaɗanya a fatar gefen farce.

Kafin ki mayar da kwalbar akwati, ki jiƙa auduga da maganin gogewa ki share wuyanta tas ta waje, ki bari ya bushe, sannan ki murɗa murfin har ya tsaya. Wannan 'yar hidima ita ce ke hana liƙewa da shigar iska. Idan lokacin wankan tsarki ya zo, ki ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kan kowane farce ki danne kamar daƙiƙa ashirin kafin ki ja, sannan ki bi gefe-gefe da ƙasan farce da tsinke mai auduga a ka, a wuri mai haske, har sai ba abin da ya rage. Masu ƙyalƙyali sun fi taurin kai, su sai an naɗe yatsa da auduga na 'yan mintoci. Kwalbar da ta ƙare ko ta lalace kuma kada ki jefa ta cikin sharar da za a ƙona. Ki buɗe ta a waje inda yara ba sa zuwa har ragowar ya bushe, ki rufe ta, ki mayar da ita cikin tarinki, domin tsohuwar kwalba mai cikakken rubutu da murfinta na asali ita ce za ki riƙa gwada wadda aka kawo miki da ita idan kina shakkar ingancinta.